Motar da Aka Hana Ta Fita Gwaji

Direban Formula 1 da motarsa ta ba shi kunya ranar Lahadi ba shi da ikon ɗaukarta ranar Talata ya shiga fili ya laluba inda matsalar take. Doka ta hana. Ƙungiyar da ta ƙera motar tana iya zana sabon fiffike ta haɗa shi cikin 'yan makonni, amma ba za ta san ko yana aiki ba sai ranar Juma'ar gasa ta gaba, a 'yan sa'o'in atisayen da aka ware, a gaban idon abokan hamayya. Haka abin yake tun kakar 2009, in ban da ɗan sassaucin da aka riƙa yi ana janyewa, kuma tun daga lokacin masoya gasar ba su daina gardama a kai ba.

Gardamar ta iso har Kurudu da ke Abuja. Masu bin tseren motoci a nan ba su kama ƙafar masu kallon Firimiya ba, gidajen kallo kuma na ƙwallo ne, don haka a waya ake kallo, a teburin mai shayi ake tafka musu. Wanda ya fi kowa kasa haɗiye dokar shi ne bakanike. A bakin titin nan da ya taso daga Karu ya bi ta Jikwoyi ya ratsa Kurudu ya nufi Orozo da Karshi, babu bakaniken kirki da zai kwance ƙafar mota ya ɗaure, ya miƙa makulli nan take. Sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, bari mu ɗan taka ta tukuna mu ji." Ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya nemi wuri mai gargada ya bi ta kai da gangan yana kasa kunne. Da aka ba wani dattijo a cikinsu labarin dokar, cewa ya yi bai taɓa jin inda aka hana mai gyara gwada gyaransa ba. Wani saurayi ya ce masa, "Baba, ai don kada mai kuɗi ya danne mara shi aka yi ta." Waɗannan maganganu biyu su ne ainihin abin da ake ja-in-ja a kansa daga Maranello har Silverstone.

Da aka fara gasar ta duniya a Silverstone ta Ingila ranar 13 ga Mayu, 1950, babu wanda ya yi tunanin ƙayyade gwaji. Duk mai kuɗin mai da taya da hayar fili sai ya yi ta zagaye har rana ta faɗi. Enzo Ferrari ne ya fara kai abin matakin da ya sauya ma'auni. A 1972 ya gina wa kamfaninsa filin kansa a Fiorano, jifa kaɗan daga masana'antarsa ta Maranello a arewacin Italiya. Tsawonsa kusan kilomita 3 ne, an kakkafa masa kyamarori da na'urorin auna lokaci, a tsakiyarsa kuma akwai wani tsohon gidan gona da dattijon ya mayar ofis, yana zaune yana jin kukan injin. Ƙarfen da aka gama ƙerawa da safe, kafin azahar yana jikin mota yana zagaye. A 1988 Ferrari ta ƙara da sayen filin Mugello. Ƙungiyoyin Ingila kuwa haya suke yi, ko su loda kaya a manyan motoci su nufi Faransa da Sifaniya neman rana.

Masu begen wancan zamani sukan tsallake wani ɓangare na labarin, wato jinin da aka zubar a ranakun da babu 'yan kallo. Alberto Ascari, zakaran duniya sau biyu, a gwaji ya mutu a Monza a Mayun 1955. Bruce McLaren, wanda ƙungiyar McLaren ke amsa sunansa har yau, a gwaji ya mutu a Goodwood ranar 2 ga Yuni, 1970. Haka Peter Revson a Kyalami ta Afirka ta Kudu a 1974, haka Patrick Depailler a Hockenheim ta Jamus a 1980. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Elio de Angelis, ɗan Italiya mai shekara 28. Ranar 14 ga Mayu, 1986, yana gwada motar Brabham a filin Paul Ricard na Faransa, fiffiken baya ya ɓalle, motar ta tashi ta tsallake shinge ta kife, wuta ta kama. Raunin da ya ji a jiki ba mai kisa ba ne. Amma ranar gwaji ce, babu isassun masu kashe wuta, babu jirgi mai saukar ungulu a kusa. 'Yan uwansa direbobi suka tsaya suka yi ta ƙoƙarin ɗaga motar, zafi ya kore su. Hayaƙin da ya shaƙa ne ya kashe shi washegari a asibiti a Marseille. Duk mai kiran a dawo da gwaji ya kamata ya faɗi wanda zai biya kuɗin likita da motar kashe gobara a kowace rana.

Zamanin Michael Schumacher a Ferrari ne ya kai gwaji ƙololuwa. Ya zo a 1996, Jean Todt na shugabanci, Ross Brawn da Rory Byrne suka biyo shi, daga 2000 zuwa 2004 kuma babu wanda ya karɓi kambin duniya daga hannunsa. A 2002 Ferrari ta ci tsere 15 cikin 17, a 2004 ta ci 15 cikin 18. Manyan ƙungiyoyi a lokacin suna da runduna biyu, ɗaya ta zuwa gasa, ɗaya ta gwaji zalla, da nata kanikawa da manyan motoci da direbobi. A Ferrari akwai Luca Badoer, wanda ya kama aikin a 1998, ya kwashe shekaru yana zagaye Fiorano da Mugello ba tare da kowa ya tafa masa ba. Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne yaƙin taya tsakanin Bridgestone ta Japan da Michelin ta Faransa daga 2001. Kowane mako akwai sabon haɗin roba da ake son a auna, kuma ba a auna roba sai a kan kwalta.

Ƙananan ƙungiyoyi irin su Minardi da Jordan suna kallo ne kawai, don sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 2003 aka gwada wata dabara: duk ƙungiyar da ta yarda ta taƙaita kwanakin gwajinta, za a ba ta ƙarin lokaci a filin gasa da safiyar Juma'a. Renault da Jaguar da Jordan da Minardi suka karɓa. A 2005 ƙungiyoyi tara suka amince a tsakaninsu kada kowa ya wuce kwana 30 a cikin kaka, Ferrari ta ce ba da ita ba. An zage ta sosai, amma hujjarta ba ta banza ba ce: ƙungiyoyi bakwai ne ke tara wa Michelin bayanai, ita kuwa kusan ita kaɗai ke ɗauke da nauyin Bridgestone. Abin lura shi ne yadda kakar ta ƙare. An fito da dokar hana canza taya a tsakiyar tsere, tayar Bridgestone ta kasa, Ferrari mai fili biyu da gwaji ba iyaka ta ci tsere ɗaya tak, shi ma na Indianapolis ne da motoci shida kacal suka tashi. Fernando Alonso da Renault suka kwashe kambin. Ashe zagaye ba ya ceton motar da tushenta ya karkace. A 2007 dai aka kafa iyaka, kilomita 30,000 a shekara ga kowace ƙungiya.

Abin da ya gagari 'yan kwamiti, karayar tattalin arzikin duniya ta yi shi cikin mako guda. Ranar 5 ga Disamba, 2008, Honda ta ce ta fita daga gasar. Hankalin kowa ya tashi, don ba a san wanda zai bi ta ba, kuma kafin ƙarshen 2009 BMW da Toyota sun bi. Max Mosley, wanda ke shugabancin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, a wancan lokaci, ya daɗe yana cewa kashe kuɗin ya zama hauka. Shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu motoci a lokacin kuwa Luca di Montezemolo ne, shugaban Ferrari. A cikin watan nan na Disamba suka amince: daga 2009 babu gwaji a cikin kaka. Mai Fiorano da kansa ya sa hannu, abin da ke nuna irin tsoron da ya shiga zukata. A ganina, a wannan rana dokar daidai take. Ƙungiyoyi na neman abin biyan albashi, rundunar gwaji kuwa ita ce abu mafi sauƙin yankewa.

Kakar 2009 ta ba kowane ɓangare na gardamar makami. Ross Brawn ya karɓi ragowar Honda a kan fam ɗaya, ya saka injin Mercedes, ya fito da mota mai wata dabara a mafitar iska ta ƙarƙashin bayanta, wadda Williams da Toyota kaɗai suka yi irinta. Aka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta FIA ta ce halal ce a watan Afrilu. Jenson Button ya ci shida cikin tsere bakwai na farko. Da a ce zamanin Fiorano ne, manya sun kwaikwayi dabarar sun goge ta a fili cikin wata guda. Dokar ta ba ƙungiyar da ta tsallake rijiya da baya damar yin nisa, ta kuma ɗauke kambi biyu. Masu goyon bayan dokar a nan suke kafa tuta. Sai dai a wannan kaka McLaren ta fara tana jan ƙafa a baya, amma kafin ƙarshen Yuli Lewis Hamilton ya ci tseren Hangari, Button kuma bai sake cin ko ɗaya ba bayan na Turkiyya. Masu kuɗi sun riga sun gano wata hanyar.

A wannan mako na Hangari ne kuma dokar ta nuna ɗaya fuskar tata. Ranar 25 ga Yuli, a zagayen neman gurbi, wani sifirin da bai kai kilo ɗaya ba ya ɓalle daga motar Rubens Barrichello ya daki hular kwanon Felipe Massa na Ferrari, ya fasa masa ƙoƙon kai. Ferrari ta kira Schumacher daga ritaya, ta roƙi a ba shi rana ɗaya ya saba da motar shekarar. Williams da Red Bull da Toro Rosso suka ce a'a. Su ma da tasu hujjar, don a wannan tseren ne Toro Rosso ta jefa Jaime Alguersuari, yaro ɗan shekara 19, cikin gasa ba tare da ya taɓa zagaya cikakken fili da motar Formula 1 ba, kuma babu wanda ya yi masa alfarma. Schumacher ya yi atisaye da motar 2007 a Mugello, ciwon wuyan da ya samu a hatsarin babur ya tashi, ya janye. Sai aka ba Badoer. Mutumin da ya fi kowa sanin motocin Ferrari, amma rabonsa da tsere tun 1999, dokar kuma ta zaunar da shi watanni bai taɓa sitiyari ba. A Valencia da Spa shi ne na ƙarshe a neman gurbi. A Spa ɗin, abokin aikinsa Kimi Räikkönen ya zo na ɗaya da mota iri ɗaya, shi kuwa ya zo na ƙarshe a cikin waɗanda suka gama. Jaridu suka mayar da shi abin dariya, aka cire shi. Giancarlo Fisichella da ya maye gurbinsa, wanda ya zo na biyu a wannan tsere na Spa da motar Force India, bai samu maki ko ɗaya ba a tsere biyar da Ferrari. Ban taɓa ganin laifin Badoer ba. An ƙwace masa sana'arsa, sannan aka tura shi jarrabawa a gaban duniya.

Kuɗin da aka hana zubawa a kan kwalta bai koma aljihu ba, cikin ɗaki ya shige. Manyan ƙungiyoyi suka ƙara ƙarfi a kan ramin iska, wato dogon zauren da ake hura guguwa a kan ƙaramin samfurin mota ana auna yadda take danne ta. Suka sayi manyan kwamfutoci masu lissafin tafiyar iska, suka gina na'urorin kwaikwayon tuƙi na miliyoyin daloli, inda direba ke zama a cikin duhu yana zagaya filin da babu shi. An gudu ba a tsira ba. Red Bull da Sebastian Vettel suka riƙe kambi daga 2010 zuwa 2013, Mercedes ta ci na masu ƙera motoci sau takwas a jere daga 2014 zuwa 2021, abin da ko Ferrarin Schumacher ba ta yi ba. Talakawan da aka ce don su aka yi dokar kuwa, sababbin ƙungiyoyi ukun da suka shigo a 2010 duk sun mutu: HRT a 2012, Caterham a 2014, Manor a farkon 2017. Ita wannan ta ƙarshe, lokacin tana Virgin, da kwamfuta zalla ta zana motarta ta farko, sai da aka fara kaka aka gano tankin manta ba zai kai ta ƙarshen tsere da cikakken gudu ba.

A 2013 batun ya kai gaban alƙalai. Pirelli, wadda ita kaɗai ke ba gasar taya tun 2011, ta daɗe tana kukan an ɗora mata yin taya ga motocin da ba a ba ta damar taɓawa. Bayan tseren Sifaniya a watan Mayu, Mercedes ta tsaya a Barcelona kwana uku ta yi mata kilomita 1,000 da motar shekarar, Hamilton da Nico Rosberg na tuƙi sanye da hular kwano marar zane. Asiri ya tonu a Monaco, Red Bull da Ferrari suka shigar da ƙara, Rosberg kuma ya ci tseren, abin da ya ƙara hura wutar. Kotun FIA a Paris ta yanke hukunci a watan Yuni: jan kunne ga Mercedes da Pirelli, da hana Mercedes shiga gwajin matasan direbobi. Bayan kwana tara, ranar 30 ga Yuni a Silverstone, tayoyi suka riƙa fashewa ana tsakiyar gudu, ta Hamilton, ta Massa, ta Jean-Éric Vergne, ta Sergio Pérez, ɓaraguzan roba na tashi a gaban fuskar masu binsu. Nan da nan hukuma ta buɗe wa manyan direbobi ƙofar gwajin da a jiya take hukunci a kansa.

Daga nan sai aka yi ta kai-komo. An ba da gwaji huɗu a cikin kakar 2014, aka rage zuwa biyu a 2015, aka soke su gaba ɗaya a 2020. Na kafin kaka ma ya tsuke har ya koma kwana uku a Bahrain a 2021, mota ɗaya ga direba biyu. Alonso ya sha kokawa cewa babu wani wasa a duniya da ake ba ɗan wasa yini ɗaya da rabi ya yi atisaye sannan a ce ya nemi kambin duniya.

Maganin da aka daɗe ana nema ya zo ne ta wata ƙofa. A 2021 aka kafa iyakar kashe kuɗi, dala miliyan 145 a shekara, aka rage zuwa 140, sannan 135. Aka kuma raba lokacin ramin iska bisa matsayi: daga 2022 zakara kashi 70 cikin ɗari na ma'auni yake samu, na ƙarshe kuma 115. Da Red Bull ta haura iyakar 2021, an ci ta tarar dala miliyan 7, aka kuma yanke mata kashi 10 na lokacin ramin, kuma wannan na biyun ne ya fi yi mata ciwo. McLaren ta fara 2023 a sahun baya, ta kawo gyara a Ostiriya a tsakiyar shekara, kafin ƙarshen 2024 ta ci kambin masu ƙera motoci karon farko tun 1998. Wannan ne abin da saurayin nan na Kurudu ke nufi, sai dai dokar da ta kawo shi ta kuɗi ce da ta rami. Shi ma dattijon bakaniken nan ya samu shaida a 2022. Samfurin da ake sakawa a rami ba ya wuce kashi 60 na girman mota, iskar ba ta wuce gudun kilomita 180 a awa, motar gaske kuwa tana haura 300. Sababbin motocin shekarar suka fito fili suka kama tsalle a kan miƙaƙƙiyar hanya, abin da akasarin ramuka ba su hango ba. A Baku an ga Hamilton yana fitowa daga motarsa da ƙyar, dafe da ƙugu, Mercedes kuma ta kwashe watanni tana mayar da ranakun Juma'a ɗakin gwaji.

Yau abin da ya rage 'yan ƙofofi ne. Akwai rana biyu a shekara ta ɗaukar hoton talla, kilomita 200 kowace, da tayar da ba ta tsere ba. Akwai damar fita da tsohuwar mota, wadda da ita Hamilton ya fara hawan Ferrari a Fiorano ranar 22 ga Janairu, 2025, jama'a sun cika gadar da ke kallon filin tun da asuba cikin hazo da sanyi. Da ita kuma Mercedes ta horar da Kimi Antonelli dubban kilomitoci kafin ta ba shi kujera yana ɗan shekara 18. Amma riƙe tsofaffin motoci da injinansu da kanikawansu aikin mai hali ne. Haas ba ta samu zarafin yin haka ba sai bayan ta ƙulla ƙawance da Toyota a Oktoban 2024. Yaron da ya faɗa hannun ƙaramar ƙungiya yakan koyi aiki ne a bainar jama'a, in ya fasa mota sau biyu a ce bai iya ba.

Ra'ayina shi ne dokar ta gama aikinta. An kafa ta ne a ranar da babu wata hanyar kama hannun mai kuɗi, yanzu kuwa akwai akantocin FIA da ke bin kowace dala. A bar kowace ƙungiya ta zaɓi inda za ta kashe rabonta, ko a rami ko a kan kwalta. A ƙayyade kwanakin, a ba na baya fiye da na gaba kamar yadda ake yi a ramin iska, a yi gwajin tare a fili ɗaya mai likitoci da masu kashe gobara, a wajabta ba matasa rabin lokacin, a kuma buɗe ƙofa ga 'yan kallo. Masu cewa kanikawa sun riga sun jigata da tsere 24 a shekara sun faɗi gaskiya, amsar kuwa ita ce a rage tsere ɗaya ko biyu.

Mu ma muna da abin cewa a nan. Rabon Afirka da wannan gasa tun tseren Kyalami na 1993. Ruwanda ta bayyana sha'awarta a Disambar 2024, Afirka ta Kudu na nema, a 2025 kuma Hukumar Wasanni ta Ƙasa a ƙarƙashin Shehu Dikko ta yi maganar kawo gasar Abuja. Karɓar tsere na nufin biyan miliyoyin daloli kowace shekara ga masu gasar, bayan kuɗin gina fili. Filin gwaji kuwa shi ake biya haya, kuma masu taya kullum suna neman wuri mai zafin rana da busasshiyar kwalta a watannin da Turai ke cikin sanyi, wato daidai lokacin ranin nan namu. Bahrain ta samu gwajin kafin kaka ne da wannan yanayi. Muddin kwanakin gwaji na nan a ƙidaye da yatsun hannu, babu ƙungiyar da za ta ɗauko ko ɗaya daga ciki ta kawo sabon fili a Afirka.